Me ya sa granolata ba ta dunƙulewa, gefenta kuma yake ƙonewa?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya kamar haka: "Sau uku ke nan ina gwada yin granola da markaɗaɗɗiyar gyada don karin kumallon iyalina. Ta farko ta fito da laushi kamar ba ta shiga obin ba. A karo na biyu na ƙara wuta, sai gefe ya ƙone, tsakiya kuma bai yi ba. Ta uku ta yi garas-garas, amma ta warwatse kamar tsakuwa, babu gudaji ko ɗaya. Ina kuskuren yake?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Biyu daga cikin matsalolin nan da kika lissafa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wato ruwa, ta ukun kuma hannunki ne ya jawo ta. Na shafe shekaru ina gasa granola, wato gasasshen haɗin zuma da ots (wani hatsi mai kama da alkama), kuma abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne aikin obin a nan busarwa ne. Burodi da kek ana so su tashi, su nuna, su riƙe danshinsu. Ita kuwa granola ana so a kore mata danshi sannu a hankali har ya ƙare, kafin sukarin da ke jikinta ya kai ga ƙonewa. Tun asalinta ma haka take. Wani likita a jihar New York ta Amurka mai suna James Caleb Jackson ne ya fara yin ta a 1863, da garin alkama, ya kira ta granula. Yakan gasa ƙullun, ya farfasa, ya sake gasawa har ya bushe ƙarau, sai an jiƙa shi a madara dare guda kafin ya ciwu. Irin wadda muke yi yanzu da ots da zuma ta yaɗu ne daga shekarun 1960, amma dabarar gashin ba ta sauya ba.

To daga ina ruwan yake zuwa, alhali ba ki zuba ko ɗigo ba? Daga zuma. Kusan kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari na zuma ruwa ne. Shi kansa ots, duk da bushewarsa, yana ɗauke da danshi wajen kashi 10 cikin ɗari. Markaɗaɗɗiyar gyada kuwa kusan ba ta da ruwa, rabinta mai ne, wajen kwata kuma furotin. Idan haɗin ya shiga obin, ruwan zumar ne ke fita a matsayin tururi, ya bar sukari zalla a jikin kowane ƙwayar ots. Wannan sukarin, muddin yana da zafi, laushi gare shi. Sai ya huce yake daskarewa ya yi tauri kamar gilashi, kuma wannan taurin shi ne garas-garas ɗin da kike ji a baki, shi ne kuma abin da ke liƙe ƙwayoyin ots da juna.

Nan ne nake zargin kika yi wa granolarki ta farko hukunci da wuri. Duk granolar da aka fitar daga obin da laushinta take fitowa, ko da ta gasu sarai. Wanda bai san haka ba yakan taɓa ta da zafinta, ya ji laushi, ya mayar da ita wuta har ta ƙone, ko kuma ya yanke ƙauna ya zuba ta a kwalba da ɗuminta ya rufe, tururin ya koma jikinta. Ga gwajin da nake yi har yau: ki ɗebo ɗan kaɗan da cokali daga tsakiyar tire, ki ɗora a kan busasshen faranti mai sanyi, ki ba shi minti 2 zuwa 3. Idan ya yi ƙarau da kika tauna, ta yi, ki fitar. Idan har yanzu yana danƙo a haƙori, ki ƙara mata minti 5, ki sake gwadawa. Kada ki dogara da launi kaɗai, domin gyada ta riga ta rina haɗin tun kafin ya ga wuta, ido yana iya ruɗar ki.

Ƙarin wutar da kika yi a karo na biyu shi ne abin da hankali zai fara ba mutum, amma a granolar zuma da gyada ba ya haifar da ɗa mai ido. Dalili biyu ne. Sukarin da ya fi kowane yawa a cikin zuma nau'in da ake kira furuktos ne, wanda ke fara yin ja tun a wajen digiri 110 na ma'aunin salshiyos, alhali farin sukari sai ya kai wajen 160. Na biyu, gyadar nan an riga an soya ta sau ɗaya kafin a markaɗa, wannan gashi na biyu take sha. Furotin ɗinta yana haɗuwa da sukarin zuma a cikin zafi ya ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin gashi, abin da wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya fara bayyanawa a 1912. Wannan haɗuwar ita muke so, amma idan zafi ya yi yawa sai ta zarce ƙamshi ta shiga ƙauri da ɗaci, tun ruwan tsakiyar tire bai gama fita ba. Shi ya sa kika ga gefe baƙi, tsakiya danye.

Ki tsaya a digiri 150. Idan obin ɗinki mai fanka ne, ki sauko zuwa 140. Ki sa tiren a layin tsakiya. Kuma ki sani yawancin obin na gida ba sa faɗin gaskiya, lambar da ke jikin maɓalli daban, zafin da ke ciki daban, wani lokaci da tazarar digiri 15 ko 20. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki zai raba gardama. Baƙin tire ya fi fari jan zafi, don haka idan shi gare ki, ki fara dubawa da wuri. Sannan ki lura da yadda kike baza haɗin: yawanci mukan bar tsakiya da kauri, gefe ya yi siriri, sirin nan kuma shi ke fara ƙonewa. Ki tattaro gefen da cokali ya yi kauri ɗaya da tsakiya, ko ma ya ɗan fi.

Batun gudaji kuwa, ina kyautata zaton kin yi ta juyawa ne saboda tsoron abin da ya faru a karo na biyu. Kowane juyi yana tsinka sukarin da ya fara riƙe ƙwayoyin. Mai son gudaji dole ta iya kame hannunta. Ki shimfiɗa takardar gashi a tire, ki juye haɗin, ki baza, sannan ki danne shi sosai da bayan cokali mai faɗi ko gindin kofi, har ya zama fale-fale guda mai kaurin kamar santimita ɗaya da rabi. Ki gasa minti 15, ki juya tiren kansa gaba ya koma baya ba tare da kin taɓa abin da ke ciki ba, ki ƙara minti 10 zuwa 15. Idan obin ɗinki yana da gefen da ya fi zafi ƙwarai, za ki iya juya granolar sau ɗaya tak a rabin lokaci, amma ki sake danne ta kafin ki mayar. Bayan ta fito, ki bar ta a kan tiren ta huce gaba ɗaya, aƙalla minti 45, awa ɗaya ta fi. Ko yatsa kada ki sa. Sai ta yi sanyi za ki farfasa da hannu gwargwadon girman da kike so.

Ga awon da nake aiki da shi, wanda ke cika babban tire ɗaya. Ots giram 300, wato kofi 3 da ɗan ɗoriya. Markaɗaɗɗiyar gyada giram 125, rabin kofi ke nan. Zuma giram 110, kashi ɗaya cikin uku na kofi. Mai mara ƙarfin ƙamshi babban cokali 2. Gishiri rabin ƙaramin cokali, kirfa ƙaramin cokali 1, banila ƙaramin cokali 1 idan kina so. Sai ɗanyen almon ko kashu ko 'ya'yan kabewa, ko haɗinsu, giram 100, a ɗan daddatsa. Idan kina da sikelin kicin ki yi amfani da shi, domin kofi ya bambanta daga hannu zuwa hannu, musamman a abu mai danƙo irin zuma. Kada ki raina gishirin nan. Granolar da ba gishiri zaƙinta salam yake, kuma ɗanɗanon gyadar ba ya fitowa.

Yadda ake haɗa jiƙaƙƙun kayan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan kika zuba zuma a kan markaɗaɗɗiyar gyada da sanyinsu kika juya, za ki ga abin ya ƙara kauri ya cure, saboda ɗan ruwan da ke cikin zumar yana sa garin gyadar ya liƙe da junansa. Curin nan ba zai bi jikin ots daidai ba, wani wuri ya sha da yawa, wani wuri ya tashi a bushe. Maganin shi ne ki haɗa gyada da zuma da mai da gishiri a ƙaramar tukunya, ki ɗora a wuta 'yar kaɗan, kina juyawa minti 2 zuwa 3, har ya saki ya yi sulɓi yana zuba daga cokali. Kada ki bari ya tafasa. Ki sauke, ki sa banila da kirfa, ki juye a kan ots da ɗuminsa, ki cuɗa sosai har sai ba ki ga farin ƙwaya ko ɗaya ba. Ni da hannu nake ƙarasa cuɗawar, domin hannu yana jin busasshen wurin da cokali ya tsallake. Alamar haɗin ya yi ita ce idan kika dunƙula shi a tafin hannu ya tsaya, ba ya ɗigar mai.

Wasu kan tambaye ni me ya kawo ƙarin mai tunda gyada tana da nata. Man gyadar yana riƙe ne a cikin garinta, ba ya saurin yaɗuwa. Cokali biyun nan su ke sassauta haɗin ya lulluɓe kowace ƙwaya, kuma mai ne ke kai zafi ko'ina daidai. Idan markaɗaɗɗiyar gyadarki mai ruwa-ruwa ce da kanta, cokali ɗaya ya isa.

Wannan ya kawo mu ga wace irin gyada. Ta kwalba iri biyu ce. Akwai wadda gyada ce kawai da gishiri, wadda mai ke tasowa samanta idan ta zauna, ita ce na fi so, sai dai ki juya ta har ƙasa kafin ki auna, in ba haka ba ki kwashi mai zalla a yau, ki bar busasshen gari na gobe. Akwai kuma wadda aka sa wa daskararren mai da sukari don kada ta rabu. Ita ma tana yi, amma ta fi kauri, tana buƙatar ɗumamawa sosai, kuma ki rage zuma da kamar cokali ɗaya. Idan da kanki za ki markaɗa, wanda shi ne ya fi ƙamshi nesa ba kusa ba, ki gasa gyadar a digiri 170 na minti 10 zuwa 12, ki tsaya tun tana ruwan zinariya mai haske, tunda akwai wata wutar a gabanta. Ki murje ɓawon, ki zuba a injin markaɗe tun da sauran ɗumi. Za ta fara zama gari, ta koma curi guda mai nauyi, a nan ne mutane da yawa kan zaci injin ya gaza su zuba ruwa. Kada ki kuskura. Ki ci gaba, kina hutar da injin kina kankaro gefe, curin zai saki man kansa ya narke ya yi sheƙi. Kafin gashin kuma ki tsince gyadar da kyau, duk wadda ta yi funfuna, ko ta motse, ko launinta ya sauya, ki zubar. Funfunar gyada tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai cutar da hanta, kuma zafin gashi ba ya kawar da ita gaba ɗaya.

Ba dole sai gyada ba. Markaɗaɗɗen almon ɗanɗanonsa ya fi sanyi, yana barin kirfa da zuma su fito. Na kashu yana da ɗan zaƙi da maiƙo mai laushi, amma yana saurin yin ja, sai a sa masa ido. Markaɗaɗɗen riɗi yana da ɗan ɗaci mai daɗi, na fi son in haɗa shi rabi da rabi da gyada. Idan a gidan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyada, wannan ba abin wasa ba ne, domin yana iya kai wa ga toshewar numfashi. Markaɗaɗɗun 'ya'yan furen rana kan maye gurbinta a awo ɗaya, amma a fara tabbatarwa daga likita abin da mutumin zai iya ci, a kuma wanke inji da tire da kyau.

Ots ɗin ma a duba. Wanda ya dace shi ne mai faɗin ƙwaya, wanda aka turara aka latse. Mai saurin dahuwa, wanda aka yayyanka siriri, yana shanye jiƙon ya cabe, ya fito da ƙura-ƙura. Wanda aka datsa kawai ba a latse ba kuwa tauri zai yi kamar dutse. Amma ga wata dabara da ta fi kowace ba ni manyan gudaji: ki ɗebi rabin kofi daga cikin giram 300 ɗin nan, ki niƙa shi ya zama gari, ki mayar cikin sauran. Garin yana cike ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, kamar yadda siminti ke shiga tsakanin bulo, sai zumar ta samu wurin kamawa.

Idan kina son rage zaƙi, kina iya saukowa zuwa kwatan kofi na zuma, amma ki sani kin rage abin liƙewa ne, gudajin zai ragu. A nan farin ƙwai ke taimakawa. Ki kaɗa na ƙwai ɗaya da cokali mai yatsu har ya yi kumfa, ki cuɗa a haɗin bayan ya ɗan huce, dab da zubawa a tire. Furotin ɗinsa yana daskarewa a wuta ya riƙe ƙwayoyin, kuma ba a jin ƙarninsa bayan ya gasu. Sai dai shi ma ruwa ne mafi yawansa, don haka ki ƙara wa gashin kamar minti 5.

Akwai kayan da ba sa shiga obin tun farko. Zabibi da yankakken dabino da duk wani busasshen 'ya'yan itace, idan suka sha minti 30 a wuta, tauri suke yi su yi ɗaci. Busasshiyar kwakwa mai fale-fale a sa ta a minti 10 na ƙarshe, a barbaɗa a sama. Cakulan sai granola ta huce sarai. Gyada ko almon da aka riga aka soya su ma a ƙarshe ake zubawa, ɗanye ne kaɗai ke shiga tun farko. Ni zabibi da dabino ma ba na haɗa su a kwalba ɗaya da granola. Suna da danshi fiye da ita, kuma a cikin kwana uku zuwa huɗu danshin yana ƙaura daga jikinsu zuwa nata, su su yi tauri, ita ta yi laushi. A kwano nake zuba su lokacin ci.

Tunda don karin kumallon iyali kike yi, bari in faɗa miki gaskiyar abin da ke cikinta. Abinci ne mai gina jiki, ots yana da wani nau'in harza mai narkewa da ake kira beta-gulukan, wanda ke taimakawa wajen rage kolestarol idan ana samun wajen giram 3 a rana, gyada kuma tana ba da furotin da mai mai kyau wanda ke riƙe ciki har hantsi. Amma tana da nauyi. Awon da na ba ki yana fitar da wajen giram 650, kuma kowane giram 100 yana kusa da kalori 480. Kason mutum ɗaya giram 40 zuwa 50 ne, abin da bai kai rabin kofi ba, tire ɗaya ya ba da kaso 14 ke nan. A haka kowane kaso yana da sukarin zuma kamar ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Idan aka cika kwano da ita kamar yadda ake cika shi da sauran hatsin karin kumallo, an ci kaso uku a zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta lissafa zuma cikin sukarin da ya kamata a taƙaita, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Don haka ki ɗauke ta a matsayin abin barbaɗawa a kan yogot mara sukari ko madara, tare da ayaba ko tuffa. Abu biyu kuma game da yara, ina roƙon ki riƙe su: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da an gasa ta, saboda ƙwayar cutar botulizim da zafin obin ba ya kashewa. Ƙananan yara kuma ana guje musu gudan gyada da almon da gudaji masu tauri saboda shaƙewa, a murmushe musu nasu a jiƙa.

Wadda ba ta da obin tana iya yi a kasko mai kaurin gindi. Ta fara soya ots ɗin shi kaɗai a wuta 'yar kaɗan, tana juyawa minti 8 zuwa 10 har ƙamshi ya tashi, ta zuba ɗumamammen haɗin gyada da zuma, ta ci gaba da juyawa kamar minti 5, sannan ta juye a tire ta danne ta bar shi ya huce. Ba ta kai ta obin bushewa ba, don haka a yi kaɗan-kaɗan, wanda za a cinye cikin mako.

Ta obin, idan ta huce sarai aka zuba a busasshiyar kwalba mai murfi gam, aka ajiye nesa da murhu da hasken rana, tana kai mako biyu zuwa uku. A firiza tana kai wata uku, kuma ana iya ci kai tsaye daga can. Zuma tana jan danshin iska, shi ya sa kwalbar da ake bari a buɗe take saurin yin laushi. Idan kika ji warin tsohon mai, ko ɗaci a maƙogwaro, man gyadar ya lalace, a zubar.

Ragowar gwaje-gwajenki kuma, idan suna nan, biyu za su gyaru. Ta farkon nan mai laushi, ki baza ta a tire, ki mayar obin a digiri 130 na minti 10 zuwa 15, ki bar ta ta huce a buɗe. Ta ukun da ta warwatse, ki ɗumama zuma cokali 2 da gyada cokali 1, ki cuɗa, ki danne a tire, ki ba ta minti 10 a digiri 140, kada ki taɓa sai ta yi sanyi. Ta biyun ce kawai za ki tsince baƙin ki zubar, domin ɗacin ƙuna yana bin madara ya ɓata kwano gaba ɗaya.